Jijiyar Mata

Tun kafin Usta Marzuk ya yarda cewa ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa gardama, matarsa ta ji labarin daga matakala. Shekara arba'in da ɗaya Hajja Inshirah tana sauraren hawowarsa bene na uku, ta san takunsa kamar yadda ta san tarinsa. Yanzu takun ya rabu biyu. Dama ta taka lafiya lau, hagu kuwa ta faɗo fal, silifa ta mari siminti.

"Abu Tahani, me ya sami ƙafarka?" Da sunan 'yarsu take kiransa.

"Silifar ce ta saki."

"To ranar Juma'a da ka sa takalmin masallaci fa, shi ma sakin ya yi?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya wuce kicin ya ɗora shayi. Wanda ya san Usta Marzuk ya san in ya kama wanke kofin da yake a wanke, to an taɓo inda ba ya so.

Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Hajja Inshirah. Ya tafi da hannunta na hagu da ƙafarta ta hagu, ya bar mata harshe, kuma duk layinmu na nan Damanhur shaida ne cewa bai rage ko ƙwayar zarra daga harshen ba. Tun daga ranar mijinta ne ƙafafunta. Da asuba ya ɗauke ta daga gado zuwa kujerar wanka, ya dawo da ita ya shirya ta, ya sake ɗaukarta zuwa baranda, inda take zama daidai saman shagonsa tana kallon titi. Da hannunta mai lafiya take zuro kwando da igiya, mai kayan miya ya saka mata tumatir, ta janye ta duba, ta mayar masa da ruɓaɓɓun haɗe da magana. Azahar ta yi Usta ya rufe shago ya hau, la'asar haka, magariba haka. Bai taɓa ƙirga sau nawa yake ɗaukarta a yini ba, kuma da wani ya ƙirga masa da sun ɓata.

Shi mai guga ne, gugar ƙafa, irin wadda ta kusa ƙarewa a garin. Dutsen gugar ya kusa nauyin buhun siminti. Zai gasa shi a wuta, ya jawo shi kan faffaɗan katako, ya ɗora guntun itace a bayansa, ya taka da ƙafar dama, ya duƙa ya riƙe doguwar mariƙa, ya guntsi ruwa ya fesa wa riga, sannan ya tura. Jallabiyar ulu in ta fito daga ƙarƙashin ƙafarsa, karinta sai ya kwana uku bai kwanta ba. Saboda haka da ya fara ɗingishi babu wanda ya tsaya dogon tunani. Kowa ya ce dutsen ne, shi ma ya ce dutsen ne, har ya fi kowa ɗaga murya.

Ya san ƙarya yake yi. Makonni uku da suka wuce, wata safiyar Talata, ya sunkuya ya ɗago ta daga kujerar wanka, ƙafarsa ta ɗan zame a jiƙaƙƙen tayil, ya murɗa ƙugu don kada kanta ya bugi ƙofa. Wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa. Bai sake ta ba. Ya ma yi dariya, ya ce sabulun nan na yanzu ba shi da tarbiyya. Kwana biyar bayan nasa yana ciwo, daga nan ya lafa, har ya yi hamdala. Ashe ciwon ƙaura ya yi: ya bi ta ɗuwawu, ya gangara gefen cinya, ya bi gefen ƙwauri, ya je ya tare a bayan ƙafa da babban yatsa. In ya yi tari sai ya ji kamar an ja masa wayar wuta daga ƙugu har ƙasa. Zama ya fi tsayuwa azaba, don haka ya koma shan shayi a tsaye, yana cewa tumbi yake ragewa.

Abin da yake tsoro ba ciwon ba ne. 'Yarsu ɗaya ce, Tahani, malamar makaranta a Iskandariyya, kuma tun shekarar farko take roƙon a ba ta uwarta. Gidansu akwai lifta, akwai asibitin gashin ƙashi a bayan layi, ga mijinta Midhat ƙaton mutum mai haƙuri. Sai dai ɗaki biyu ne da yara uku, gurbin mutum ɗaya kawai za a iya matsawa a samar. Ko da akwai wuri ma, Usta Marzuk ba zai kwana a falon surukinsa yana jiran layin banɗaki ba. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Muddin ina iya ɗaukar uwarki, babu inda za ta." Da bakinsa ya kafa sharaɗin, yanzu ga sharaɗin ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Zuciyarsa ta gaya masa in Inshirah ta sauka daga benen nan, da wuya a sake hawo da ita.

Wanda ya fara sa wa ciwon suna Shahhat ne, mai askin da ke kallon shagonsa, mutumin da ya san maganin kowace cuta ban da sanƙon kansa.

"Daga nan zuwa nan yake ja?" Ya bi ƙafar da tsinin almakashi daga nesa. "Shi ke nan, irƙun nisa ne. Jijiyar mata ta kama ka, Usta."

"Jijiyar wa?"

"Ta mata. Haka sunanta yake, ba ni na raɗa ba."

Masu jiran aski suka fashe da dariya. Wani ya tambaya ko a fara ɗinka kayan jariri.

"Ku ci gaba," in ji Usta Marzuk. "Ranar Idi duk a ƙarƙashin ƙafar nan rigunanku za su kwana, sai mu ga wanda zai fita da yamutsattsiya."

Amma da aka watse ya tsallaka ya zauna a bencin Shahhat, ya miƙa ƙafa. Shahhat ya gasa kan ƙusa a wutar dutsen gugar Usta ɗin, ya yi masa lalas biyu a bayan ƙafa, kusa da babban yatsa, kamar yadda ya ga kakansa yana yi. Usta ko gezau bai yi ba. Kafin la'asar labari ya zaga layi cewa an ɗora wa mai guga jan ƙarfe yana hira, kuma ya ji daɗin labarin ba kaɗan ba.

Hajja Inshirah tana sama tana kallon komai. Ta janye kwandonta, ta fara nata shirin.

Ranar Litinin Dakta Milad yakan zo karɓar fararen rigunansa na asibiti. Likitan ƙashi ne, Kirista, gajere mai furfura a gira, shekara ashirin babu wanda ke goge masa riga sai Usta Marzuk. Yana tsaye a ƙofar shago Usta na ciki yana naɗe kaya, sai kwando ya sauko ya daki kafaɗarsa. Ya ɗaga kai, Hajja ta ɗora yatsa a leɓe. A cikin kwandon akwai bayan takardar magani da karkataccen rubutu: "Ka hawo shan shayi. Ka sa shi ya shige gaba, ka kalli ƙafarsa ta hagu."

"Usta, yau kam sai na gaida Hajja. Rabona da ita tun azumi."

Ba a hana baƙo hawa. Usta ya shige gaba yana dafa bango, likita na biye yana kallon yadda yake ɗaga gwiwar hagu sama fiye da ƙima kafin yatsun su tsallake matakala. A hawa na biyu silifar ta zame ta gangaro, Usta ya ƙara taku biyu bai san ta fita ba. Dakta Milad ya tsinta ya riƙe a hannu har suka isa.

"Ga amanarka," ya ce, ya miƙa masa a gaban Hajja.

Usta ya dubi silifar, ya dubi matarsa, ya dubi kwandon da ke gefenta. Nan take ya gane an yi masa tarko.

"Shayin ke nan?"

"Shayi na nan tafe," in ji ta. "Ja kujerata ciki, ka kwanta a gadon nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya yi gunaguni, ya ce yana da kaya a kan wuta, ya ce shi ba yaro ba ne. Ya dai ja kujerar zuwa bakin ƙofar ɗaki, ya tsaya. Likita ya ce kafin ya kwanta ya ɗan taka a kan yatsunsa. Ya taka, har da juyi don burga. Ya ce to yanzu a kan dunduniya. Dama ta ɗaga kai, hagu ta ɗago kaɗan ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗi.

"Tayil ɗin ne ke da santsi."

"Haka ne, tayil ɗin gidan nan ya tsani ɓangare ɗaya," in ji Hajja.

Da ya kwanta rigingine, Dakta Milad ya tallafi dunduniyar dama ya ɗaga ƙafar a miƙe, ta tafi sama sosai ba wani abu. Ya koma ta hagu. Ko rabin hanya ba a kai ba Usta ya damƙi zanen gado, salati ya kuɓuce masa.

"Ina ka ji shi?"

"Ko'ina ban ji ba."

"Usta."

"Daga ƙugu... har babban yatsa."

Likita ya lanƙwasa gwiwar, ciwon ya saki. Ya sake miƙe ta ya danno tafin ƙafar, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ya ce ya ɗaga babban yatsa sama ya hana shi dannewa. Na dama ya tsaya ƙyam kamar turke, ƙafar da ta shekara arba'in tana tura dutse. Na hagu kuwa da yatsa ɗaya likita ya kwantar da shi. Ya ari cokalin shayi ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa da bayan idon sawu, duka suka amsa. Sannan ya roƙi Hajja allurar ɗankwalinta, ya riƙa tsikarar fata daga cinya yana gangarowa. Usta yana cewa na ji, na ji, har aka iso bayan ƙafa, sai ya yi shiru yana jira a tsikara, alhali an riga an tsikara sau uku.

A nan likita ya ga tabon lalas ɗin, baƙaƙe biyu, ɗaya ya fara ruwa.

"Wannan aikin wa?"

"Shahhat. Kuma ka tambayi kowa a layin nan, ko motsi ban yi ba." Ya ɗan ɗago kai don ya ga ko Hajja ta ji. "Wallahi kamar an ɗora mini tsinke."

Ya jira yabo, yabo bai zo ba. Dakta Milad ya cire tabarau ya goge, fuskarsa ta sauya.

"Usta, na san kai jarumi ne, amma wannan ba jarumta ba ce. Wurin ne ya mutu. Da a ƙafar dama ya ɗora maka ƙusar nan, da har tashar jirgin ƙasa sai an ji ihunka." Ya rage murya ya yi tambayoyin da ba a so a yi a gaban mace, ko da matar mutum ce: fitsari yana fita daidai, yana riƙe bayan gida, in ya yi tsarki yana jin ruwan a jikinsa? Usta ya amsa wa silin cewa duk lafiya. Likita ya sauke ajiyar zuciya.

"To alhamdu lillahi, kamar yadda kuke cewa, mu ma haka muke cewa. Ku saurara. Ƙafar nan ba ta da laifi, kun bar jaki kuna dukan taiki. Ƙasusuwan baya a jere suke ɗaya kan ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai ɗan gammo na guringuntsi. Naka na ƙasa-ƙasa, ina zaton tsakanin na huɗu da na biyar, shi ne ya fashe ya bultso, ya danne jijiyar da ta fito daga nan ta tafi har babban yatsa. A baya aka take ta, a ƙafa take kuka. Sai an ɗauki hoto zan tabbatar, amma yatsan nan ya riga ya gaya mini."

"Wato dai maganar Shahhat ce," in ji Usta a sanyaye. "Jijiyar mata."

"Shahhat ya karanta ba wasali. Ba irƙun nisa ba ne, irƙun nasa ne, ba ruwansa da mata. Malamai suka ce daga mantuwa sunan ya fito, don zafinta yana mantar da mutum kowane zafi. Maza ma sun fi yinta."

"Kin ji ko!" Usta ya juya wurin matarsa, ransa ya ɗan yi fari. "Dutsen nan ne, Dakta. Na daɗe ina cewa zai kashe ni. Gobe zan kira mai gwangwan ya ɗauke shi, in rufe shagon, in huta. Shi ke nan magana ta ƙare."

Hajja Inshirah ta dube shi. Wannan dutsen na ubansa ne, ko taɓa mariƙarsa ba ya bari wani ya yi. Yau ga shi yana miƙa shi ga mai gwangwan da hannu biyu, yana murmushi, don kada a waiwayo a dube ta. Tausayinsa ya kama ta.

"Dutsen yana da nasa kason," in ji likita. "Amma shekara arba'in kuna tare bai yi maka haka ba. Abin nan rana ɗaya ya faru. Me ka ɗaga?"

"Ba komai."

"Dakta," in ji Hajja. Muryar da ke kaiwa ƙarshen layi yau da ƙyar ta kai bakin gado. "Bar wa ciwon nan sunan da 'yan unguwa suka sa masa. Malamai su yi haƙuri. Jijiyar mata ce, mace ce ta jawo masa. Ni ce."

"Inshirah!"

"Ranar Talata ce, a banɗaki. Na ji ƙarar a ƙirjina, don a ƙirjinsa nake. Ya yi dariya ya zagi sabulu. Tun ranar in ya ɗauke ni, riƙe numfashi yake har ya ajiye ni. Sau takwas a yini, Dakta, wata rana tara. Shi bai ƙirga ba, ni na ƙirga."

Usta Marzuk ya juya fuska bango.

Dakta Milad ya ajiye cokalin. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. Yawancin irin wannan gammon yakan janye da kansa in an ba shi lokaci, da magani da ɗan tattaki da gashin ƙashi. Amma na Usta ya fara kashe ƙafa, wannan ba a wasa da shi. Daga yau ba guga, ba sunkuyo, ba ɗaukar abin da ya wuce butar shayi, aƙalla mako shida. In ƙafar ta ƙara rauni, sai aiki. In fitsari ya tsaya ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ana tsakiyar salla a sallame a tafi asibiti.

"In kuma na ci gaba da ɗaukarta?" Usta ya tambayi bango.

"Za ka ja ƙafar nan har ƙarshen ranka. Wata rana kuma ta ƙi ka kana tsakiyar ɗaki da Hajja a hannu, ku zube ku biyu."

Bayan likita ya wanke tabon ya naɗe, ya rubuta takardar hoto ya sauka, Hajja ta jawo wayarta daga aljihun kujera ta kira Tahani. A gabansa ta kira, ba ta rage komai ba. Kafin magariba Tahani ta iso da jaka da jajayen idanu, ita da maƙwabciyarsu suka karɓi ɗauka.

Kwana biyu Usta Marzuk bai yi wa matarsa magana ba. Aka kai shi aka zura shi cikin na'urar hoton nan mai kama da bututu, ya fito yana cewa an gwada masa kabari tun da ransa. Hoton ya nuna abin da yatsa ya faɗa: tsakanin na huɗu da na biyar, baƙin abu ya bultso ta hagu ya matse farin zare. Dakta Milad ya ce za a jira mako biyu a sake gwada ƙafar, daga nan a san ko wuƙa za ta shiga. Tahani ba ta da hutun da ya wuce na mako guda. Babu wanda ya furta, amma an fara naɗe kayan Hajja.

Ranar Alhamis da la'asar Tahani ta fita sayen magani. Yana kwance da matashi a ƙarƙashin gwiwa, ita tana kujera a gefen gado.

"Fushin bai ƙare ba?"

Ya kau da kai.

"To ka yi ta yi. Ni dai na samu hutu, kwana biyu ba wanda ya ce mini miyar lalo ta yi gishiri."

"Kin sayar da ni," ya ce. "A cikin kwando."

"Na sayar."

"Da kin bar ni. Da na ɗaura bel, na riƙa yi a hankali. Kin san in kika tafi ba za su dawo da ke ba. Za su ce ga lifta, ga asibiti, ga tsoho mai ja da ƙafa. Kuma gaskiyarsu ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan." Muryarsa ta karye. "Me zan yi da azahar, Shushu? In hau in tarar da wa?"

Rabon da ya kira ta da wannan sunan da rana tsaka har ta manta. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama kunnensa, kamar yadda take yi wa jikokinta.

"Kana zaton ni ina so? Can barandarsu bango take kallo, ba wanda zan zaga. Tsoro nake ji, Marzuk, fiye da kai. Amma ni na san abin da ake nufi da ƙafa ta mutu, kai ba ka sani ba. Na kwana da ita shekara huɗu. Ba zan zauna ina jin taka tana mutuwa a kaina ba, ko da za ka ƙi ni har abada." Ta saki kunnen ta shafa furfurar. "Ka ɗauke ni shekara huɗu ban ce maka don me ba. Ni ba ni da bayan da zan goya ka. Tafiyar nan ita kaɗai gare ni, ka bar ni in yi maka ita."

Ya kama hannun ya ɗora a kan idanunsa, ta ji tafinta yana jiƙewa, ta bar shi a wurin har suka ji motsin Tahani a ƙofa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Midhat ya zo da mota. Aka yi shawarar a sauko da Hajja a kan kujerarta, Midhat ta sama, Shahhat mai aski ta ƙasa, don tun da ya ji labarin lalas yake neman hanyar wanke kansa. Amma sai an fara ɗago ta daga gado. Midhat ya naɗe hannun riga ya sunkuya.

"Tsaya!" in ji Usta Marzuk. "Ba ta hammata ba, kafaɗar hagu za ta goce. Ɗauko hannun nan ka ɗora mata a cinya tukuna, in ba haka ba zai yi lilo ya bugi ƙofa, ita ba za ta ji ba sai gobe ka ga shati. Yauwa. Sa naka a ƙarƙashin gwiwa. Ka ce mata bismillah kafin ka ɗaga, ba ta son a ɗauke ta ba sanarwa. Kanta ya kwanta a nan, a wuyanka. Ba haka ba, ɗana, matso da ita, ba buhu ba ce."

Hannuwan Usta suna ta miƙewa da kansu, Tahani tana mayar da su. Ƙarshe ya cusa su a aljihun jallabiya ya damƙe.

Suka fara sauka. Matakalar ƙunci gare ta, ga kwana a kowane hawa. Usta na biye yana dafa bango, yana ba da umarni, Hajja na gaba tana ba da nata wanda ya saɓa wa nasa. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi suna Allah ya kiyaye hanya, Allah ya dawo da ke lafiya, tana amsawa da cewa kowa ya ji da kansa, tana nan dawowa ta tarar da abin da suka ɓata. A hawa na biyu aka ajiye aka huta. A na ɗaya aka sake ajiyewa, Shahhat ya zauna a matakala yana haki, sanƙonsa na naso.

Da aka iso ƙofar gida, Midhat ya sake ɗagota daga kujera ya zaunar da ita a mota, ya miƙe yana dafe da ƙugu, rigarsa ta manne da baya. Ya dubi surukinsa, tsoho ɗan siriri mai shekara sittin da takwas, yana tsaye a karkace da bandeji a ƙafa.

"Baba, don Allah, kai kaɗai kake wannan? Kullum? Shekara huɗu?"

Usta Marzuk ya dube shi da mamaki na gaske. Ya leƙa ta tagar mota ya gyara mata gefen ɗankwali da ya zame.

"Ita?" ya ce. "Ai ba ta da nauyi."

Hajja Inshirah ta buɗe baki za ta ba shi amsa, duk layi ya kasa kunne. Sai kawai ta damƙe hannun rigarsa ta taga ta ƙi saki, Midhat ya tada mota, ya jira, ya sake kashewa.